Mai Gadin da Ke Kwana a Ɗaka

Tsohon mai hoto ya rufe shagonsa tun shekarar da matarsa ta rasu, amma kwamfutar shagon sai ya ɗauko ta ya girke a ɗakinsa, kusa da taga. Aikin rayuwarsa kaf yana cikinta, har da hotunan marigayiyar da bai taɓa wankewa ba, waɗanda take harararsa don ya ɗauke ta ba shiri.

Autarsa ce ta yi wa kwamfutar shinge kafin aiki ya kai ta wata ƙasa mai nisa. Sana'arta ke nan, tsare kwamfutocin kamfanoni. Ta sa manhajar riga-kafi, ta kwafe komai a wani faifai daban ta jefa a durowa, sannan ta ƙara wata manhajar.

"Baba, akwai ɓarayin da ba sa ɗaukar komai. Kulle maka kayanka suke yi, su ce sai ka biya fansa. Wannan aikinta ɗaya ne, da ta ga an fara kulle hotuna sai ta riƙe hannun mai kullewa."

"To ta farkon fa, ado ce?"

"Ita mai gadin ƙofa ce. Wannan kuwa a ɗaka take kwana."

Bayan tafiyarta tsohon ya gano wani abu. In ya kira don gaisuwa, sai ya ji, "Baba ina mitin, zan neme ka." In kuwa ya ce manhajar ta nuna gargaɗi, Auta kan ajiye komai ta saurare shi. Shi ke nan fa, ko tari kwamfutar ta yi sai ya ɗauki waya, a yi maganar manhaja kaɗan, ya zarce da tambayar ko tana cin abinci, ko jaririyar da ta haifa can ta fara zama.

Ita kuma, baiwar Allah, tausayinsa ta ji. Ta gyara abin daga can, duk gargaɗi ya koma zuwa wayarta kai tsaye.

"Na hutar da kai, Baba."

Hutun da bai roƙa ba. Kwamfutar ta yi lafiya lau, ɗakin ya yi tsit, kewa ta cika shi har ba ya son buɗe labule.

Wata safiya saƙo ya shigo da sunan Auta a kai, wai ga hotunan jaririya. Ya gyara tabarau ya duba adireshin, ya ga ba nata ba ne. Ta sha ja masa kunne a kan irin wannan. Ya daɗe yana kallon saƙon, sannan ya danna.

Jaririya ba ta fito ba. Sai tsofaffin hotunansa suka fara rikiɗewa suna zama farare, ɗaya bayan ɗaya, abin yana gangarowa wajen na marigayiyar. Can sai jan akwati ya bayyana a allon, komai ya tsaya cik.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Baba! Kada ka taɓa komai. Ɓarawon ya wuce mai gadin ƙofa, amma ta ɗaka ta cafke shi. 'Yan waɗanda ya kulle suna cikin faifan durowa. Na Mama ko ɗaya bai taɓa ba." Ta sauke numfashi, faɗa ya biyo baya. "Haba Baba! Ba ka ga adireshin ba nawa ba ne?"

"Na gani."

"To don Allah me ya kai ka buɗewa?"

"An ce amaryar tawa ce a ciki. Na ce ko ƙarya ce, bari dai in leƙa."

Ta bayan Auta ya jiyo ɗan kuka siriri, ya ƙara manna wayar a kunne.

"Baba," ta ce, "kunna kyamara."

Ya kunna. Ga 'yar mutum nan a kafaɗar uwarta, da kumatu, tana harararsa irin hararar da ya sani. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Matsa da ita wajen taga," ya ce. "Hasken bai ishe ni ba."