Kalmar Gidan Injin Kajiji

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, aljihun da dama iska ce a ciki, akwai wani injin ruwa a Kajiji da duk ƙasar Shagari ta san da zamansa. Ba don kyau ba. Sitatarsa ce ta ƙone tun kafin damina. Aka rubuta Sakkwato, Sakkwato ta rubuta Ikko, Ikko ta ce an hana shigo da kaya daga waje. Da ƙyar da salati wasu makanikai suka tayar da shi, suka kakkaɓe hannu suka ce, to ga shi nan, ranar da ya mutu ya mutu ke nan. Tun daga ranar ba a kashe shi ba. Yana ruri ake zuba masa gas, yana ruri ake ƙara baƙin mai, kuma da shi mutane da shanu suke sha.

Mai kula da injin daga ofishin Bodinga shi ne Malam Tukur. Ba kullum yake zuwa Kajiji ba, ina motar? Ta oba-oba, rediyon nan na aika magana, yake ba da umarni, mai gadi ya aikata. Mai gadin nan kuwa, Kofur Musa, tsohon soja ne da aka sallama bayan yaƙi, amma shi har yau bai yarda an sallame shi ba.

Lokacin zaɓe an sha wuya. Yau 'yan bangar wannan jam'iyya su zo da takarda mai hatimi su kwashi gas, gobe na waccan su kawo duro rabinsa ruwa don injin ya lalace a ce laifin abokan hamayya ne. Da abin ya ishi Malam Tukur, sai ya sa Kofur Musa ya dafa Alƙur'ani: ba abin da zai shiga shingen injin nan, ba abin da zai fita, sai an faɗi wata kalma, kuma shi Kofur ba zai taɓa faɗa wa kowa ita ba. Dabara ta yi kyau ƙwarai. Abu ɗaya Malam Tukur ya manta bai sa a lissafi ba, shi ne mutuwa. Ran wata Laraba ya dawo daga masallaci ya ce kansa na sara, kafin la'asar an yi masa sutura.

Aka ɗora ɗansa na fari, Arzika, a kan kujerar, don dama shi ne mataimakinsa. Arzika ya gaji tebur, ya gaji oba-oba, ya gaji tabarmar salla, kalma ce kawai bai gada ba. Bai kuma yi mamaki ba. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana ce maka "kai" ko "wancan yaron," ko a gida ko a ofis, shi ne zai ba ka sirri? Abin yana ci masa rai tun yana ƙarami, ko da yake ya san haka ake yi wa ɗan fari.

Bayan addu'ar bakwai ya kira Kajiji.

"Kofur, Arzika ne. Gobe zan turo gas. Oba."

"Allah ya jiƙan Malam. Kalma? Oba."

"Wace kalma kuma? Ka san muryata, ka san ubana!"

"Na sani. Gas ɗin da ke nan ba zai wuce Juma'a ba. Kalma? Oba."

Arzika ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, ya ce akwai kaffarar rantsuwa, azumi ne kawai. Kofur ya ce wanda ya ɗaure shi ne zai kwance shi, shi kuwa yana maƙabarta. Aka kai ƙara Sakkwato. Manya suka amsa da hikimarsu ta kullum: a kashe injin, a sauke mai gadi, a ƙirga kaya, a miƙa wa sabo, sannan a sake tayarwa. Da Arzika ya tuna musu cewa injin nan in ya mutu ba ya tashi, sai suka ce wannan kuma matsalar wani sashe ce. Suka ƙara da cewa in ruwa ya yanke a Kajiji, ya san inda zai nemi aiki.

Ya tafi wurin mahaifiyarsa, Inna, tana cikin takaba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya zayyana mata komai. Ta ci gaba da jan carbi.

"Na san ta," in ji Inna. "Ya hwaɗa min wace ce, ko da ta-kwana."

Arzika ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. "Alhamdu lillahi! Mece ce, Inna?"

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ba a taɓa jin ta ga bakina ba, ba kau za a ji ta yau ba."

"Inna, gari guda za su koma shan ruwan tafki!"

"Shi ma bai taɓa hwaɗinta cikin gidanga ba. Tashi ka ba ni wuri, ka cika rashin kunya."

Ya fito yana huci. A ofis ya ba Ɗahiru akawu labari. Ɗahiru irin mutanen nan ne da ba a taɓa yi musu tambaya sun ce ba su sani ba. Ya buga tebur ya ce ai magana ta fito fili: kalmar da dattijuwa ba ta iya faɗi, dattijo ba ya faɗi a gidansa, ai ashar ce! Wa zai zaci ashar a bakin Malam Tukur? Nan wayon yake.

Haka kuwa aka yi, jama'a. Manyan ma'aikatan gwamnati biyu suka rufe ƙofa, suka zauna gaban oba-oba suna ɗura wa tsohon soja ashar, tun daga ƙanana har zuwa na 'yan tasha. Ɗahiru har da waɗanda ya koyo a Zariya. Kofur Musa yana saurare cikin natsuwa, kowace aka faɗa sai ya ce, "Ba ita ba ce. Oba." Da suka gaji ya ce musu ta ƙarshen nan ko a bariki bai taɓa ji ba, Allah ya shirya.

Ran Juma'a da hantsi Arzika ya samu aron wata akori-kura, aka loda duro-duro, ya shiga gaba da kansa. Tun daga nesa ya ji injin ya canza murya, yana yi yana tari. Mata sun yi layi a famfo da tuluna da bokitai, ba wadda ta san abin da ake ciki. Wannan ya fi komai tayar masa da hankali.

Kofur Musa na tsaye cikin shinge, ƙofar ƙarfe a kulle, makulli a wuya. Idanunsa sun yi ja, da gani shi ma bai runtsa ba.

"Ga gas, Kofur. Duba da idonka, sunsuna in kana so. Buɗe."

"Ranka ya daɗe, wallahi na fi ka son in buɗe. Kalma."

Injin ya yi wata shaƙuwa, ya yi kamar zai tsaya, ya sake kamawa. Nan Arzika ya fita hayyacinsa. Ya kama ƙofar da hannu biyu yana jijjigawa.

"Kai tsohon banza! In injin nan ya mutu, in ban sa an ɗaure ka ba, ba sunana Haliru ba!"

Kofur ya ƙame. Sai ya zare makulli daga wuya, ya buɗe kwaɗo. "Ku shigo da shi! Maza, maza!"

Direba da Kofur suka mirgina duro, aka sa tiyo, aka zuba. Injin ya yi tari biyu, ya saki baƙin hayaƙi, muryarsa ta dawo daidai. Arzika kuwa yana nan a bakin ƙofa, bai gane abin da ya faru ba.

"Me ya sa ka buɗe?"

"Ka faɗi kalma." Kofur ya share zufa ya dube shi da kyau. "Ashe kai ne Haliru? Ni duk zamana Arzika na sani."

Haka ne. Sunan yanka ne da ko shi mai shi sai ya yi shekara bai ji ba.

"Kullum da safe sai Malam ya kira," in ji Kofur. "Ya faɗe ta a hankali, wani lokaci ya maimaita. Ko ba gas, ko ba wani umarni. Na taɓa ce masa, ranka ya daɗe, tunda ba saƙo me ya sa ake faɗin kalma? Ya ce yana gwada na'ura ne."

Arzika ya juya baya yana kallon injin. Kuka ya zo masa, na farko tun ranar jana'iza, ga haushi kuma, don da tsohon yana da rai da ya tambaye shi: duk faɗin gidanka da ofishinka, sai Kajiji? Ƙarar injin ta yi masa sutura, ba wanda ya ji.

Kofur ya bari ya gama, sannan ya matso. "Sai a ba ni sabuwa. Waccan ta lalace, direba ya ji, matan famfo sun ji."

Arzika ya ce wa direba ya je ya jira a mota. Ya tsaya yana neman kalmar da ba wanda zai taɓa ji a bakinsa. Bai daɗe yana nema ba. Yana da 'ya ta fari, ana ce mata Talatu, har ta isa ɗaukar tulu, shi kuwa tun ranar suna "ke" yake ce mata. Ya sunkuya kusa da kunnen Kofur, ya waiga hagu da dama kamar ɓarawon akuya.

"Hasiya," ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Ban ji ba, ƙarar inji."

Ya sake gwadawa, sunan ya maƙale.

"Ɗaga murya, ranka ya daɗe," in ji Kofur Musa. "Haka babanka ya yi ta fama ran farko."