Sifiri a Gaban Sunan Don Anselmo

Maite Olmedo tana tsaka da shafa tumatir a kan burodinta a kantin kofi na ƙasan asibiti, sai Puri, ma'aikaciyar jinyar sashensu, ta ja kujera ta zauna ko gaisuwa babu. Ta ce an ba Don Anselmo, dattijon likitan sashensu, wata ɗaya ya kwashe kayansa daga ɗakin bincike.

Maite ta ɗauka tsokana ce irin ta Puri. Amma Puri ta rantse da idonta ta ga takardar, har da jadawalin da aka maƙala mata a baya.

"Naki ne, 'yar uwa. Ga sunanki nan a ƙasa ɓaro-ɓaro."

Wata shida da suka wuce ƙungiyar likitocin fata ta yankinsu ta sa Maite ta ƙirga binciken da kowane likita ya wallafa cikin shekara goma. Rumbun da ke tattara mujallun kimiyya ya riga ya kasa su rukuni-rukuni, don haka ta zaɓi rukunin cututtukan fata, ta kwaso abin da ke ciki, ta jera da sunaye. Ranar da ta gabatar da jadawalin a taron ƙungiyar aka yi mata tafi. Ita ce ta biyu a asibitinsu, kuma gaskiya ba ta taɓa duba ƙasan jerin da kyau ba.

Ta bar kofin, ta hau hawa na huɗu da ƙafa, ta buɗe kwamfuta. Layi na ƙarshe: Anselmo Ruipérez, sifiri. Ta daɗe tana kallonsa, hannunta a baki. Mutumin da ya koya mata yadda ake yanko fata a kai awo ke nan. Shekara talatin yana bin gyambon nan da cizon wani mitsitsin ƙwaro ke sa wa masu aikin gonakin lemo, wanda ba ya jin magani.

Ta same shi yana naɗe gilasan awo a tsohuwar jarida. Bai nuna fushi ba. Ya ce tun da daɗewa mujallun fata suke dawo masa da rubutunsa, wai ba fanninsu ba ne, shi ya sa yake kai wa mujallun ƙwayoyin cuta da na likitocin dabbobi, tunda daga karnuka cutar ke fitowa.

"Injin naki bai yi ƙarya ba, 'yata," in ji shi. "Akwati ɗaya kika ce ya buɗe."

Ta tambaye shi me ya hana shi magana ranar taron. Ya ce a layi na uku ya zauna, har da shi a masu tafi. Bai ga amfanin kunyata ta a gaban manya ba, kuma bai zaci wani zai sake waiwayar takardar ba.

Shugaban asibitin bai ba ta fiye da minti uku ba. Ya ce shi da lissafi yake aiki, ɗakin kuma an riga an yi wa wasu alkawarinsa. In akwai kuskure, wadda ta rubuta rahoton ta kawo gyara kafin kwamiti ya zauna ranar Juma'a. Da ta miƙe sai ya tuna mata, kamar a kan hanya, cewa a zaman nan ne za a yanke maganar kujerar dindindin da take nema. Shekara tara tana aiki da kwantiragin wata shida-shida.

Bayan ta sallami marasa lafiyarta da ƙarfe uku, ta zauna ta sake aikin, wannan karon tana bin suna ɗaya-ɗaya ba tare da rukuni ba. Don Anselmo ya tashi da arba'in da bakwai. Ba shi kaɗai ba ne. Masu kai aikinsu mujallun ciwon daji da na garkuwar jiki duk suka yi sama. Begoña Alcaraz, wadda suke neman kujera ɗaya, ta koma ta uku. Maite ta yi ta gangarawa da yatsa kafin ta sami kanta a ta tara. Ta sake ƙirgawa sau biyu, bai canja ba.

Ta rubuta wasiƙa gajeriya, ta ce kuskuren nata ne, ta bayyana inda ya fito, ta haɗa sabon jadawalin. Ta sa adireshin 'yan kwamitin su bakwai, ta ƙara na Begoña, ta tura.

Tana cire farar rigarta wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce daga kasuwa, tana tsaye gaban mahauci, tana so ta san ko cinyar ɗan rago ɗaya za ta isa walimar samun kujerar ranar Juma'a, tunda ta riga ta gaya wa gwaggonnin Maite.

"Ki dakata tukuna, Mama," in ji Maite. "Ki sayi abin da za mu ci yau kawai."