Littafin da Malam Bhabatosh Ya Karanta Tun Yana Saurayi

Nirapada Ghoshal ya shekara talatin yana yankan tikiti a taragon cikin birnin Kolkata kafin ya ajiye aiki, kuma tun daga nan ba shi da wata sana'a sai karatun labaran ƙagen kimiyya: jirage masu zuwa taurari, mutanen ƙarfe masu tunani, da ire-irensu. Kowace Lahadi da hantsi yakan tarar da abokan hirarsa a bencin da ke gaban rumfar tsofaffin littattafai ta Shefali Kundu, a Titin Kwaleji, a sha shayi a 'yan kofunan ƙasa, kowa ya faɗi abin da ya karanta.

Mutum ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya: Malam Bhabatosh Maitra, tsohon malamin adabi. Ba a taɓa ambaton littafin da bai karanta ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Wannan ai tun ina saurayi na gama da shi." In kuwa na kimiyya ne, sai ya ƙara da cewa, "Tatsuniyar yara ce aka sa wa batir."

Wata Lahadi Nirapada ya zo da shirinsa. Ya kurɓi shayi, ya ce kamar abin bai dame shi ba, "Yaya Bhabatosh, na ci karo da wani tsohon littafi, Mai Gadin Tauraro na Tara, na Gobordhan Pakrashi. Amma na san wannan kam ya wuce ka."

Babu wannan littafi a duniya. Sunan marubucin ma a jikin allon wani shagon gyaran laima ya tsince shi a hanya.

Malam Bhabatosh ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. "Pakrashi? Bawan Allah, bai samu yabon da ya cancanta ba. Kai ka fahimci babin da mai gadin ya gane cewa wasiƙun da matarsa ke aiko masa injin jirgin ne ke rubuta su?"

Nirapada ya shirya fashewa da dariya, amma sai ya ji bakinsa ya ce, "To ita matar tana ina?"

"Au, ba ka kai nan ba? Ashe karatun naka na tsallake ne."

Malam ya gyara zama ya shiga ba da labari. Mai gadi shi kaɗai a tashar da ke bakin sararin sama, shekara goma sha ɗaya, ga inji mai tausayi da ƙarya. Har mai shayi ya bar tukunyarsa tana tafasa ya matso. Da rana ta take, Malam ya miƙe ya ce shinkafarsa na hucewa a gida, sai wani makon.

Mako uku ana haka. Bencin mutum biyar ya koma taron mutum ashirin, ɗalibai na tsaye da jakunkuna a kafaɗa. Masu saye suka dami Shefali da tambayar littafin Pakrashi, ita kuwa ta ce ya yi wuyar samu, ta tura musu wasu. Nirapada ya rasa inda zai sa kansa. Tarkon nasa ne, amma ya kwana shida yana tunanin ko matar mai gadin na da rai.

A Lahadi ta huɗu, daidai lokacin da wani jirgi ya doso tashar mai gadin a cikin labarin, haƙurinsa ya ƙare. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Babu littafin nan. Ni na ƙirƙiro shi, Pakrashi kuwa mai gyaran laima ne a unguwar Sealdah."

Ya jira a kwashe da dariya. Ba wanda ya motsa.

Shefali ta ce, "Yaya Nirapada, shekarata arba'in a cikin ƙurar littattafai. Tun ranar farko na sani. Zauna, kana tare wa yara iska."

Malam Bhabatosh ya dube shi ta saman tabarau. "Kai da ka ƙirƙiro shi, ka karanta shi?"

"Ina zan karanta abin da babu?"

"To ka bar wanda ya karanta ya yi magana. Maƙogwarona ma ya bushe. Je ka sayo wa mutane singara, samosar nan mai zafi, ladan katse mana hanzari."

Taron ya goyi bayan hukuncin. Nirapada ya tafi da sassarfa, ya tarar da layi a wurin mai suyar singara, ya tsaya yana taka rawar gaggawa har aka kwaso masa. Ya dawo da ƙunshin takarda mai maiƙo, yana haki, ya iske ana tafi. Wata ɗaliba na share hawaye.

"Me ya faru? Wa ke cikin jirgin?"

Malam ya zaɓi singara mafi girma ya gatsa. "Ba na ɓata wa mutum ƙarshen littafi. Ka nema ka karanta."

Nirapada ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin makon. Shefali ta ce matar ce. Mai shayi ya rantse cewa surukar mai gadin ce ta zo karɓar kayan 'yarta. Ɗalibar nan kuwa ta dube shi da tausayi ta ce, "Kawu, in na gaya maka ba za ka iya ɗauka ba."