Ranar da Nuala Ta Kashe Wutarta

Da guga guda na ruwa Inna Nuala ta kashe wutar murhunta. Garwashi ya yi tsuwwa, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, na hau tari kamar wadda ta shaƙi barkono.

"Attracta, in za ki mutu ki koma gidanki," ta ce. "Kujera ɗaya na ajiye wa matattu, kuma tana da mai ita."

Shekarunta tamanin da huɗu, kuma tun da aka kawo ta ƙauyenmu Kilmoyra tana amarya ba ta taɓa tsallake wannan rana ba. Ranar ƙarshe ta Oktoba, ranar Sawin, a kashe tsohuwar wuta kafin rana ta faɗi, a bar ƙofa a buɗe, a ajiye wa mamatan gida kwanonsu a tebur. In an kunna babbar wuta a kan tudu, sai a ɗebo garwashi a tada sabuwa. Mu mutanen ƙasar nan muka fara abin nan tun kakannin kakanni, duniya ta ara, ta sa masa roba da alewa ta ce Halowin. Ba na jin haushin yaran da ke yawo da fuskokin dodanni, namu ne su ma. Amma a duk ƙauyen, murhu ɗaya ya rage da ake kashewa, kuma ni maƙwabciyarsa ce. Ina alfahari da haka, ban taɓa ɓoyewa ba.

Ta zuba dakakken dankali da kabeji a kwanon marigayi mijinta Malachy, ta yi rami a tsakiya ta sa man shanu, ta yanka masa burodi mai zabibi. Tana gyara cokali muka ji mota ta tsaya.

Fintan ne, ɗanta tilo, shugaban kwamitin bikin ƙauye. Bayansa wata yarinya ce da jaka da takardu, nas, sabuwar zuwa daga Dublin. An turo ta ne ta duba ko tsohuwar za ta iya ci gaba da zama ita kaɗai. Kowa a Kilmoyra ya san Fintan ya daɗe yana haɗiye yawu a kan gidan, yana son sa shi haya, don baƙi 'yan Amurka suna mutuwar son kwana a ƙarƙashin rufin ciyawa.

"Sannu, Mama," nas ta ce, tana ƙara jan rigarta. "Sanyi haka, ba wuta?"

"Ni na kashe ta."

"Ƙofa fa?"

"Ni na buɗe ta. 'Yar nan, tambayoyin naki duk irin waɗannan ne?"

Yarinyar ta dubi tebur. "Wa kike jira?"

"Maigidan."

"Mama," Fintan ya ce a hankali, da muryar mai lallashin jariri, "Baba ya rasu shekara goma sha ɗaya."

"Ni za ka gaya wa? Ni na rufe masa ido, kai kana Boston."

Alƙalamin nas ya soma gudu a kan takarda. A nan gabana ya faɗi. Kwana ɗari uku da sittin da biyar ne a shekara, amma yau Fintan ya zaɓa.

"Tsaya, yarinya," na ce. "Al'ada ce. Yau Sawin. Matar nan ta fi ni da ke hankali, tambayi ɗanta."

Nas ta juya wajensa. Ba muguwa ba ce, na ga tana son a ce mata haka ne. "Gaskiya ne, yallaɓai?"

Fintan ya sosa ƙeya, ya sauke ajiyar zuciya.

"A littafi, e. Amma rabon da wani mai rai ya yi haka ya fi shekara ɗari. Makon jiya ma a sanyi na same ta."

Ƙarya ce tsagwaronta. Inna Nuala ta dube shi tun daga takalmi har gashin kai, sannan ta juya ta ci gaba da gyara cokalin da ba ya buƙatar gyara.

* * *

Da rana ta faɗi na hau tudu da tsohuwar tukunyar ƙarfe a hannuna. Manyan motoci uku ne suka kawo baƙi. Ko'ina mayu da aljanu na roba, wani ƙato ya naɗe kansa da bandeji yana cin soyayyen dankali. Wuta ta tashi sama, Fintan ya karɓi lasifika, sanye da wata doguwar riga mai hula wadda kakansa da ya gan shi a ciki sai ya kore shi da sanda.

Kuma fa ya iya magana. Ya ce daga tuddai irin wannan bikin ya faro. Ya ce kakanninmu sukan kashe wutar gida, su buɗe ƙofa, su ajiye wa mamata abinci, don a wurinmu wanda ya mutu ba ya zama baƙo. Har ni sai da tsigar jikina ta tashi.

"Kuma kada ku zaci abin ya mutu," ya ce, ya dafa ƙirji. "Mahaifiyata, uwar da ta haife ni, a daidai wannan lokaci tana zaune ba wuta tana jiran garwashin wannan tudu."

Tafi ya ɓarke. Wata baƙuwa kusa da ni har da share hawaye.

Na tare shi yana saukowa. "Fintan Durkan, sake faɗa min. Shekara ɗari, ko daidai wannan lokaci?"

"Haba, Anti, biki ake yi."

"Ni ba antinka ba ce. Ni na wanke maka ɗuwawu, shi ya sa na san inda ƙazantarka take."

"A gidan tsofaffi za a kula da ita fiye da nan," ya ce, bai yarda mun haɗa ido ba. Aka ja shi ɗaukar hoto, ya tafi yana murmushi.

Na cika tukunya da garwashi na gangara. Na tarar da Inna Nuala zaune a miƙe cikin mayafinta, hannayenta kamar ƙanƙara. Ta durƙusa da kanta, ta ƙi in taimaka mata, ta hura har wuta ta kama. Na ba ta labarin abin da ya faɗa a lasifika, ina huci.

"Ya faɗa daidai?" ta tambaya. "Bai manta ƙofar ba?"

"Bai manta ba."

"To, ni na koya masa."

Na rubuta wa hukuma wasiƙa biyu, na kai limamin cocinmu har ofishinsu. Suka ce sun ji, amma takarda ta riga ta wuce, kuma maganar ɗa ta fi ta maƙwabciya nauyi. Kafin Kirsimeti aka zo da mota aka ɗauke ta. Da ƙafarta ta fita, kanta a sama, ita ta kulle ƙofar ta miƙa wa Fintan mabuɗi ba tare da ta dube shi ba.

* * *

Da shekara ta zagayo na hau bas na je gidan tsofaffin da ke cikin gari. An rataya kabewar takarda ta adon Halowin a ko'ina. An jera tsofaffi a falo, kowa an kifa masa hular mayya za a ɗauki hoto, wasu suna barci, wasu suna kallon bango. Cikinsu duka ba wanda aka zo dubawa a ranar sai Inna Nuala. Tata hular tana kan cinyarta, an rasa mai ƙarfin halin sa mata.

Yanzu a keken guragu take, na tura ta zuwa ɗakinta. Zafin na'urar ɗumama ɗaki ya cika shi, irin wadda ba a kashewa sai daga ofis. Ta ciro rabin burodin da ta ɓoye a hannun riga ta ajiye a kan durowa.

"An hana buɗe ƙofa," ta ce. "Gwada tagar."

Na tura da ƙarfina. An ɗaure ta da ƙarfe don kada tsofaffi su faɗa, ba ta buɗuwa fiye da faɗin yatsu biyu. Na tsaya ina kallonta, hawaye suka cika min ido.

Inna Nuala ta matso da kekenta, ta auna ɗan wurin da ido, ta gyara zaman mayafinta.

"Bar shi haka, ya isa," ta ce. "Dama Malachy siriri ne."