Kuɗin Jirgin Leata

"Gidan marigayi Tofilau, tala ashirin."

Na karanta, na ɗan dakata kamar yadda nake yi bayan kowane suna don jama'a su yi tafi. Tafin da aka yi bai kai ƙarar ruwan da ke ɗiga cikin bokitai ba. Bokiti bakwai muka jera a cikin coci ranar, har da bahon wankin matar Fasto. Wani a layin baya ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Leata, matar marigayin, tana zaune a benci na uku wajen taga, ba ta ɗaga kai ba.

Ni ce magatakardar zumuntar mata, shi ya sa aka ɗora mini karanta sunaye duk Lahadin farko na wata, tun da muka fara tara kuɗin gyara. Ba cocin kaɗai ya tsufa ba. Gidan Fasto gara ta cinye ƙofofinsa, ajin makarantar Lahadi ya karkata kamar tsoho mai ciwon baya, tankin ruwa yana yoyo. Amma rufin coci shi ne abin kunya. Gishirin teku ya ci kwanon har ana ganin sama ta wasu wuraren.

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da Leata. Shingen furanni ne kawai tsakaninmu, shi ma akwai inda muka tattake ya zama hanya. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na yi mata zaman makoki. Ba ma rabuwa, kuma ba ma yini ba mu zagi juna ba.

Da aka tashi sujada muka kamo hanyar gida tare da wasu mata, kowa da lema.

"Suga," na ce mata, don haka muke kiran juna tun muna amare, "tala ashirin? Ko ƙusa ai sai an yi mana ragi."

"To ki cika mini mana, Palepa, tunda mijinki ne mai motar haya."

"Rufin da mijinki ya kafa ne fa yake mana fitsari a ka. Ke ya kamata ki fi kowa bayarwa."

Matan suka fashe da dariya. Da na tsaya nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma daɗin dariya ya ja ni.

"Ga ɗa kuma a Auckland," na ce. "'Ya'yan wasu dai suna tunawa da gida."

Na jira martani. Leata ba a ba ta ɗaya ba ta rama da biyu ba. Ranar sai kawai ta gyara riƙon lemarta, ta ce ƙafarta na ciwo, mu wuce za ta biyo mu a hankali.

Washegari ta miƙo mini gwaza dafaffe ta kan shinge kamar kullum, na ɗauka magana ta wuce.

Duk Asabar mu mata muna kafa rumfa a bakin titi muna sayar da abinci don aikin gyara. Leata ce mai suyar fanke, kuma direbobin da ke zuwa tashar jirgin ruwa saboda fankenta suke tsayawa. Ta ci gaba da zuwa. Sai dai na lura ta daina ɗanɗanawa, ita da ba ta kwashe kasko ba ta jefa ɗaya a baki ba. Zaninta kuma ya fara zagaye ta har ya yi rara.

"Miji kike nema da kike ramewa haka?" na tambaye ta.

"Naki nake jira ki saki."

Sau biyu ta hau jirgin ruwa zuwa Apia, babban birninmu, cikin watan nan, ta ce 'yar ƙanwarta ce ta haihu. Ban tambayi wace 'yar ƙanwa ba. Hankalina yana kan babban taron tara kuɗi da muka sa a watan Agusta.

Ranar taron an yanka aladu, an yi rawa, 'yan garinmu da ke ƙasashen waje sun aiko da nasu. Ina tsaye gaban jama'a ina buɗe ambulan ɗaya bayan ɗaya, sai na zo kan nata. Na duba rubutun, na sake dubawa. Fasto Iakopo ya leƙo ta kafaɗata.

"Gidan marigayi Tofilau," na ce, "tala dubu uku."

Wurin ya kaure da tafi. Mata suka taso suna rawa suna kewaye ta. Fasto ya ɗaga hannu ya ce da wannan kuɗin kwano ya cika, mako mai zuwa za a yi odarsa. Leata ta ɗan yi murmushi, ta dube ni ido cikin ido, ta ɗage gira ɗaya.

Ni kuwa har alfahari na yi. A hanyar gida na ce wa mijina, "Ka ga amfanin baki? Ni na zaburar da yaron nan ya tuna da uwarsa."

Bayan mako uku, ina kankare kwakwa da rana, wayata ta yi ƙara. Onosai ne, ɗanta tilo, daga Auckland.

"Inna Palepa, don Allah wace rana jirginta zai tashi? Ba ta ɗaukar wayata, asibiti kuma sun sake kirana."

"Wane jirgi? Wane asibiti?"

Ina jin ƙarar injuna a bayansa, wurin aikinsa ne.

"Ba ta gaya miki ba?"

Shi ya gaya mini. Zuwanta Apia ba haihuwa ba ce, likita ta je gani. Sun ga ƙari a cikinta, sun ce aikin tiyatar sai a New Zealand, kuma kada a ɓata lokaci. Wata biyu yana aikin dare da rana, ya ci bashin abokan aiki, ya aiko mata kuɗin jirgi da na hanya.

"Nawa ka aiko?" na tambaya, ko da yake na riga na sani.

Ban tsaya wanke hannu ba. Na same ta kwance a kan tabarma a tsakar rumfar gidanta marar bango, ta sauke labulen ganye na gefen rana. Kusa da kanta akwai kofin ruwan kwakwa da ba ta taɓa ba.

"Ya kira ki ke nan," ta ce. "Yaron nan bakinsa kamar na ubansa."

"Tashi mu je wurin Fasto. Yanzu za a dawo miki da kuɗinki."

"Kwano na kan jirgin ruwa. Kuma ko yana hannunsa, kina so a tsaya gaban gari a karanta cewa gidan Tofilau ya karɓe abin da ya bayar? Ke za ki karanta?"

Na durƙusa a gefen tabarmar. "Maganata ce, Leata. Ni na ja miki."

Ta yi dariya har ciwon ya tsayar da ita, ta dafe ciki.

"Ke wace ce da zan mutu saboda bakinki? Ji mace da ɗaukar kai." Ta numfasa. "Kin manta yadda Tofilau ya tafi? Da ƙafarsa ya hau jirgi zuwa asibitin can. Wata huɗu cikin sanyi, ba wanda ya san sunansa, suna kiransa gado mai lamba kaza. A cikin akwati ya dawo mini, tare da jakunkunan mutane. Na tambayi likitar nan, na ce ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ta ce ko an yi aikin, wataƙila shekara guda. To ni a nan zan yi tawa, inda nake jin teku."

"Shekara guda ai shekara ce."

"Haka ne." Ta juya ta kalli ginshiƙin rumfar. Can ta ce, "Amma maganar ta yi mini zafi, Palepa. Ba tawa ba, ta yaron. Ashirin ɗin nan da kika yi wa dariya, daga kuɗin maganina na cire. Shi kuma yana can yana ɗaukar akwatuna har bayansa ya ƙage. Na so gari ya ji an tafa masa sau ɗaya."

Na kifa kaina a kan ƙafarta ina kuka, ita ce ma take bubbuga mini baya.

"Ya isa, kada ki jiƙa mini zani. Je ki dama mini kunun ayaba, ko cokali biyu ne zan gwada."

Mun yi ƙoƙari. Fasto da ya ji, fuskarsa ta zube, ya ce zai sayar da motarsa. Mata suka ce a kwashe kuɗin rumfar abinci duka a saya mata tikiti. Onosai ya yi ta roƙonta a waya yana kuka kamar yaro. Ta ce a'a, ta kuma ce wanda ya sake kawo maganar kada ya dawo gidanta. Daga baya ma maganar ta mutu da kanta, don ko zama a mota ba ta iya yi.

Na koma gidanta da zama. Ina yi mata wanka, ina shafa mata man kwakwa a ƙafafu, ina korar kaji daga rumfa. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa daga asibitin gunduma da allurar rage ciwo. Onosai bai samu hutu ba sai ƙarshen wata, ya sayi tikitin ranar Juma'a.

Ranar Litinin ta makon aka fara cire tsohon kwano. Daga gidanta ana jin ƙarar, kwano yana kuka ana ɓamɓaro shi ana wurgowa ƙasa. Ran Laraba da hantsi ta ce in jingina ta da ginshiƙi, in ɗage labule. Cocin yana tsaye ba rufi, sai katako a jere kamar haƙarƙari.

"Kira mini shugaban kafintocin," ta ce.

Ya zo da guduma a ƙugu, ya zauna a bakin rumfa ya naɗe ƙafafu, don ba a yi wa babba magana a tsaye.

"Ɗana, katakon fa? Nawa za ku sauya?"

"Ko ɗaya, Inna. Mun bubbuga su duka. Wanda ya yi aikin nan ya san hannunsa, ƙusa ma da ƙyar take shiga. Kwanon ne kawai gishiri ya cinye."

Ta juyo ta dube ni. Idanunta sun faɗa, amma tsiyar na nan.

"Kin ji ko? Je ki gaya wa matan nan. Da ƙarfi, yadda kika faɗi waccan."

Na je. Na same su a rumfar saƙa, na tsaya a tsakiyarsu na faɗa da ƙarfi. Ba wadda ta yi dariya.

Ta rasu ranar Alhamis da safe, ina tsefe mata gashi. Ta ce in yi a hankali, ba igiyar jirgi nake warwarewa ba. Na ce to. Da na gama gefe guda na ce ta juya, ba ta juya ba.

Onosai ya iso washegari da yamma, da jaka cike da barguna da madarar gwangwani da ya sayo mata. Ya daɗe a kanta. Da ya fito, dattawa suka ce tunda coci ba rufi, sai a yi sujadar jana'izar a zauren taro.

"A'a," ya ce. "A cikin cocin za a yi. Ai ta saya."

Da ya zo wucewa ta gabana na kama hannunsa, na fara gaya masa abin da na faɗa wa uwarsa a hanya ranar nan. Ya saurara har na gama, bai zare hannunsa ba.

"Ta gaya mini, Inna," ya ce. "Ta ce kada in riƙe ki. Ina ƙoƙari." Ya share fuska da gefen riga. "Abu ɗaya nake roƙo. Kada a sake karanta sunan gidanmu a gaban mutane. Ko me na aiko, a karɓa kawai."

Ranar Asabar aka yi sujadar, rana na dukanmu, mata na riƙe da lema a cikin coci. Waƙarmu ba ta cika ɗakin kamar yadda ta saba ba, tana fita ta sama ta ɓace. Muka binne ta a ƙofar gidanta, kusa da Tofilau. Lahadin da ta biyo na mayar wa matar Fasto littafin zumunta, na ce a nemi mai ƙarfin murya.

Ranar Litinin da hantsi na fito zubar da shara. Onosai yana zaune shi kaɗai a tsakar rumfar uwarsa, an naɗe tabarmi duka an jingine su a gefe. Can a coci kafintoci suka ɗaure sabon kwano na farko da igiya suna ja sama. Yana lilo a iska sai rana ta doke shi, hasken ya tsallako titi, ya ratsa tsakanin ginshiƙan rumfar, ya bi ta kan siminti a hankali har ya hau fuskarsa. Ya ɗaga hannu ya kare idonsa, amma bai matsa daga wurin ba.