Miji Gusau, Mata Bungudu

Ruwan ranar Talata ya tafi da bishiyar gwaibar Esta da rabin makewayi. Da gari ya waye, mijinta Malam Bulus ya tsaya a bakin abin da ya rage na tsakar gida, yana kallon saiwoyin gwaibar sun yi sama a ƙasan kwazazzabo. Tsakanin bakin ramin da bangon ɗakin kwanansu bai fi shimfiɗar tabarma ba. Damina kuwa ko rabi ba ta yi ba.

Gidan nan shi ne duk abin da aikin gwamnati ya bar masa. Ya zo Gusau yana saurayi, ya tsufa a gidan haya a Tudun Wada, da ya yi ritaya ya sayi fili a Gangaren Marke, can inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Wanda ya sayar masa, Baba Sahabi, manomi ne, kuma shi ne maƙwabcinsa har yau.

Sahabi ya leƙo ta kan katanga, ya daɗe yana duban ramin.

"Malam Bulus, wanga rahi ba ya da kunya. Bara gonata yac ci, bana kai yaka so."

"Magudanar siminti kawai yake buƙata, Baba. Aikin wata guda ne."

"To wa za shi yi? Ni nan anka haihe ni, ban taɓa ƙaura ba, amma jiha ukku na zamna. Arewa maso Yamma, Sakkwato, Zamfara. Ina kwance anka dinga sauya mani gari. Har yau ban san wa ad da ni ba."

Gaskiya ya faɗa. Lokacin da aka shata iyakar mazaɓu, cewa aka yi rafin Marke ne ya raba ɓangaren Gusau da na Bungudu. Ba wanda ya tambayi rafin ko yana da niyyar zama wuri ɗaya. Wata damina ya bar tsohuwar hanyarsa ya yanki sabuwa, tsohuwar ta cike, mutane suka yi gini a tsakani. Unguwar ta zauna tsakanin tsohon rafi da rafin yanzu, kowane ɓangare kuma yana zaɓar rafin da ya fi masa sauƙi.

A nan ne Malam Bulus ya kawo dabarar da ya yi shekaru yana taƙama da ita. Da aka zo rajistar masu zaɓe, ya tara mutanen unguwa a gindin marken da unguwar ta ci sunansa. Tunda rumfar Gusau da ta Bungudu duk suna karɓarsu, in ji shi, me zai sa su zuba ƙwansu a kwando ɗaya? Kowane gida ya raba ƙafa: miji ya yi rajista a Gusau, mata a Bungudu. Ta haka za su samu 'yan majalisa biyu, in wannan ya yi barci wancan yana farke. Aka yi ta tafi. Sahabi kaɗai ya ce taura biyu ba ta taunuwa, amma da yake bai yi boko ba, aka yi dariya aka wuce. Shi ma daga baya ya tura matarsa Inna Ma'u Bungudu, don kada a ce ya fita daban.

Washegarin faɗuwar gwaibar, Malam Bulus ya saka rigarsa ta zuwa coci ya tafi ofishin wakilin ɓangaren Gusau. Mai gidan ba ya nan. Wani mai taimaka masa ya ba shi kujera da ruwan leda, ya saurare shi har ƙarshe.

"Wallahi abin da tausayi, Baba. Amma mu tsohon rafi muka sani, ku kuwa kuna bayansa. Kuma ka yi haƙuri, unguwar da matanta kaf suke zaɓe a Bungudu, ta yaya zan ce wa Honorabul tasa ce?"

Aka ce masa mai faɗa a ji yana Tsafe wajen ɗaurin aure. Ya bi shi can, a hanyar da ba a shiga yanzu sai da addu'a. Ya samu shinkafa da nama, ya samu musafaha ta tagar mota, ya dawo da "za a duba".

A ɓangaren Bungudu ma an karɓe shi da mutunci. Sai dai da aka ga katinsa aka ce, "Ai kai ɗan Gusau ne, Malam. Ka turo masu ƙuri'armu."

Masu ƙuri'ar suka shirya. Esta ta ɗaura ɗankwalinta, Inna Ma'u ta yafa mayafi, suka cika motar haya da matan unguwa. Da la'asar suka dawo. Esta ta cire takalmi ta zauna a ƙofar ɗaki, ba ta dubi mijinta ba.

"Me suka ce?"

"Sun ce sannunmu da hanya."

"Sai me?"

"Sun tambaye ni gidan na waye. Na ce na maigida. Suka ce to maigidan ɗan ina ne?" Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Baban Albarka, ka ce za mu samu biyu. Mun samu kuwa. Biyu babu."

Malam Bulus ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abin da ya fi cin ransa ba ramin ba ne, a'a, yadda har yanzu mutanen unguwa suke gaishe shi da ladabi, ba wanda ya taɓa goranta masa. Da sun zage shi da ya samu abin riƙewa.

Sun gwada abin da hannu zai iya. Maza suka cika buhunan siminti da yashi suka jera a bakin ramin, Musulmi da Kirista, har da mai ciwon baya. Ruwan Asabar ya kwashe buhunan kamar an aje masa su ne. Da safe aka ga tsaga a bangon ɗakin kwana, daga tushe har kan taga, wadda hannun mutum zai shige.

Sahabi ne ya faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa.

"Malam Bulus, ka cire kwanonka tun yana naka. Ƙasa ta riga ta tahi. Kada ka ba ruwa rufi kyauta."

Aka kira Yahaya kafinta. Esta ta ɗaure kaya a zannuwa, za su koma ɗaki ɗaya wajen 'yarsu Albarka a Tudun Wada, layi biyu da gidan hayar da suka baro suna murna. Malam Bulus ya zauna a kan turmi yana jin kukan ƙusoshi ana zare su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya zaɓi kwanon nan da kansa a kasuwa, ya ƙi mai araha don yana so ya wuce zamaninsa.

Rana ta fara shiga falo ta sama lokacin da babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani mutum ya sauko da bokitin sitaci da damin hotunan ɗan takara. Ya yi sallama, ya ce sunansa Mansur, ya dubi bangon waje, fari, mai faɗi, ba a taɓa liƙa masa komai ba.

"Baba, sannu da gyara. Don Allah nan Gusau ne ko Bungudu? An ce kada mu ɓata hoto a mazaɓar da ba tamu ba."

Yahaya ya dakata da guduma. Sahabi ya sunkuyar da kai.

"Naka na ina ne?" in ji Malam Bulus.

"Na Bungudu."

"To liƙa, ɗana. Ruwan nan can ya nufa. Kafin mako zai kai maka shi har gida."

Mansur ya yi dariya don ya ga dattijo ya yi wasa, ko da yake bai gane ba. Ya shafa sitaci, iska ta fara kaɗa takardar, ta ƙi zama. Malam Bulus ya tashi a hankali, ya dafe masa gefe ɗaya har ta kama bangon.