Ƙarfen da Aka Liƙa wa Jirgin Ƙarangiya

Masuntan bakin ruwa suna kiransa Ƙarangiya, saboda in ya kama magana ba ya saki. Yana da jirgin alminiyam mai inji a baya, mara nauyi, wanda da an murɗa masa wuta sai ya ɗaga hanci ya riƙa sulɓi a saman ruwa. Da shi yake riga kowa isa wurin kifi. Matsalar ita ce bana ya sha karya farfela a kan kututture da duwatsu.

Ciwon baya ya kwantar da shi kwana biyu. Ran da ya samu sauƙi ya sauka bakin ruwa, sai ya tarar da igiya kawai a jikin turke. Aka ce masa ai surukinsa mai walda, mijin 'yarsa Auta, shi ya sa aka ɗauke jirgin.

A shagon walda ya samu jirgin a kife bisa tayoyi. An liƙa masa wani dogon ƙarfe a ƙasa, daga ƙirji har gindi, kamar ƙashin bayan saniya. Surukin ya ture gilashin walda sama yana murmushi.

"Baba, sannu da jiki. Yanzu ko dutse ka hau, ƙarfen nan ne zai fara dukansa, farfela tana lafiya."

"Wa ya aike ka?"

"Ai alheri na yi nufi, Baba."

"Alheri? Da kai ne ka kwanta ciwo, in zo in sake wa gidanka ƙofa, za ka ce na kyauta?"

Duk da haka ya sa aka mayar da jirgin ruwa, ya gwada. Ya murɗa wuta, inji ya yi ta kururuwa, jirgi ya ƙi ɗaga hanci, sai ture ruwa yake da ƙirji. Ƙarfen yana yamutsa ruwa kafin ya kai ga farfela, ita kuwa tana juyawa a cikin kumfa. Da ya zo karya kwana, jirgin ya kishingiɗa ta waje, saura kaɗan ya zubar da shi da ragarsa. Masu ƙananan injuna suka wuce shi suna ɗaga masa hannu, wani har da tambayar ko a jawo shi.

Ya shiga gida wando jiƙe. Matarsa tana tsakar gida tana ɗinke masa riga, Auta kuma ta zo gaisuwa.

"Ke Auta, gaya wa mijinki ya lalata min jirgi. Ko tafiya ba ya yi!"

Matar tasa ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ai ya faɗa mana zai rage gudu. Mu muka ce ya yi."

"Ku?"

"Mu. Malam, idonka ba ya ganin kututture sai ka hau shi. Yau farfela ce, gobe kanka ne."

Ƙarangiya ya tsaya yana dubansu.

"Wato zama kuka yi a kaina ina kwance? Ba ku da bakin da za ku ce min, je ka a duba idonka? Sai ku bi ta bayana ku ɗaure wa jirgina ƙafa, kamar jakin da ake tsoron ya gudu?"

"Mun faɗa, Baba," in ji Auta a hankali. "Ka ce mu ne makafi."

"To na ce! Sai ku sake faɗa!"

Washegari ya ja kujera ya zauna a shagon walda, ya ce a yanke ƙarfen. Surukin ya ce in aka tuge shi duka, ƙasan jirgin zai ɓule. Suka yi ta ja har makwabta suka leƙo. A ƙarshe aka yanke dogon, aka goge wurin, aka bar guntu daga baya. Jirgin ya koma ɗaga hanci, amma sai an lallashe shi.

Asibitin ido kuwa ya je, shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba sai da aka gan shi da tabarau. Ya sayi sarƙa da kwaɗo ya ɗaure jirgin, makullin yana wuyansa ko wanka zai shiga. In surukin ya durƙusa gaishe shi, yakan amsa, amma fuska a gefe.